Takin da Maigidana Ya Ƙi Binnewa

Shekarun da ruwan dam ya fara iso mana Wurno, maigidana ya yi lambun albasa bayan gida. Abin haushi, kwatar mai gyaran batirin mota ta nan take gangarowa. Wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista, da ke haya a gidanmu ta ce akwai dalma cikin ruwan, gubar da ke taruwa a jikin mutum sannu a hankali. Ta sa anka babbake buntun shinkafa anka cika tsohon duro, kwatar ta riƙa bi ta ciki. Buntun ne zai riƙe gubar, in ji ta.

Bayan wata biyu ta ce a kwashe shi a binne nesa. To, maigidana ko tokar murhu ba ya bari a zubar. Ya kwashe tsaf ya watsa wa albasarshi.

Ta dawo daga aiki ta riƙe baki. “Baba, mi na ka gani haka?”

“Ɗiyata, baƙin taki irin wanga za a binne? Ku 'yan boko akwai ɓarna.”

Na ce, “Malam, sannu da dabara. An tsame maka guba daga ruwa, ka ɗauko ta da kwando ka ba albasa da hannunka.”

Fangali shida na albasa ya tuge, ya kwana uku yana kankare ƙasar. Kullum in na kai mishi fura sai in tambaye shi ko takin ya karɓa.