Allon Sagir a kan furar Goggo

"Wa ya ɗauke min allona?"

Sagir ke nan, yana zagaye tsakar gidan Goggo Hajara a Babban Mutum kamar wanda akuyarsa ta tsinke.

Abokina ne, ɗan Abuja. Na jawo shi hutun ƙarshen mako, shi kuma ya taho da allon nan mai zagaye da ake jifa da ƙananan kibiyoyi. Tun daga Daura yake cika mana baki, wai zai koya wa mutanen ƙauye saiti.

Mun ci dambu da zogale har tashi ya gagara. Wani mai gurmi ya zauna gindin darbejiya, ya fara yi wa Sagir kirarin sarkin baka. Jama'a sun taru, allo kuwa ya ce ɗauke ni inda ka ajiye.

Sai ga Goggo ɗauke da ƙwaryar fura, ta rufe ta ruf da allon.

"Goggo, ai wannan na wasa ne!"

"Wasa? Ɗan nan, wa ya sayar maka da faifan nan? Ga nauyi, ga huda ko'ina. Wallahi an cuce ka."

Dariya ta hana mai gurmi ƙarasa waƙarsa. Da aka goge allon aka rataye, Sagir ya yi jifa uku, duka ukun a jikin darbejiya suka kafe.

Da za mu tafi, Goggo ta miƙa masa faifai na gaske. "Kai wa matarka, kada baƙi su yi mata dariya."

Ku faɗa min tsakani da Allah, shi da Goggo, wa ya fi saiti?