Gonarmu ta Dugabau

Shekarar da Baba ya rasu, Yaya ya tara mu a zaure, ya ce zai sayar da gonarmu ya saya mana hannun jarin wani kamfani. Wai ya auna farashin jarin da yawan cinikin kamfanin, ya ga araha.

Na ce, "Yaya, ciniki kam akwai, ribar fa?"

Kawu ya daka mini tsawa, wai ƙani ba ya tsinka wansa a gaban mutane. Na ja bakina.

Har yau Yaya cewa yake ciniki na tafiya, mu kuwa ko sisi ba mu gani ba. Bana na bi ta gonar. Dawar wani ce a ciki, har ta fi ni tsayi.