Dakta Zaharah, Wadda Ta Naɗe Hannun Riga a Kotu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Safar, Allah ya karɓi ranki a birnin Ipoh, Dakta Zaharah binti Jaafar. Labarin ya iske ni a ƙauyenmu na Ponorogo ina shanyar shinkafa, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Ni ce Warsini, 'yar aikin da kika gani sau ɗaya tak, a akwatin masu laifi. Na baro ƙasarmu na zo taku aikatau, shekara huɗu ina jinyar tsohon maigidana, Tok Mansor. Ranar da ya ce iska ta shige shi, wato sanyi ya kama masa jiki, na yi masa abin da uwata ke mana: na shafa masa man zafi, na kankare bayansa da gefen kwabo. Ban san maganin tsinka jini da yake sha zai mai da sawun baƙi ƙirin ba. Washegari ya rasu. Likitan da ya duba gawar ya rubuta cewa dukansa aka yi, 'ya'yansa suka yarda, aka tuhume ni da kisa. Rataya ce ke jirana, ga 'yata can gida ko makaranta ba ta shiga ba.

Lauyana ya kai miki takardu, ke tsohuwar likitar binciken gawa, kika zo kotu da sandarki. Lauyan gwamnati ya miƙe ya ce kada a saurare ki, wai kin yi ritaya, kuma gawar ma ba ki gani ba, sai hotuna da rahoto. Kika ce, "Ɗana, shekara talatin ina wannan aiki. Tambaye ni abin da na sani, wanda ban sani ba zan gaya maka." Alƙali ya yi ta miki tambayoyi, can ya ce a ji ta bakinki.

Sai kika naɗe hannun riga. Ashe kwana biyu kafin nan kin sa an kankare miki damtse da kwabo, ke ma kina shan irin maganin. Aka ɗora hoton bayan mamacin kusa da fatarki, sawu iri ɗaya. Lauyan gwamnati ya ce, "Wato ba ta kashe shi ba?" Kika ce, "Wannan aikin mai shari'a ne. Ni dai na ce ba duka ba ne, zuciyarsa ce ta tsaya."

Aka sallame ni, aka wuce da ni hannun jami'an shige da fice, suka mayar da ni ƙasarmu. Ko na gode ban samu na ce miki ba, kuma shekara sha ɗaya abin yana cina.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Haji Ramli da 'ya'yanki, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Kin yi min shaida ranar da ba ni da kowa. Ya Allah, yau ni ce shaidarta, ka karɓa.