Igiyar da Ta Saba Dawowa

Sana'ar gidanmu yasar rijiya ce. Mahaifinmu ya yi ta a Birnin Kudu har ƙarfinsa ya ƙare, ni da ƙanena muka gaje shi. Ƙanena ne mai shiga, don jikinsa ba nauyi kuma duhu bai dame shi ba. Ni nake tsayawa a baki, igiya tana bi ta tafin hannuna.

Aikin yana da tsari, kuma ni mutum ne mai son tsari. Da farko a duba igiya gaba-gaba, a murɗa ta a buɗe tufkar a ga cikinta. Sannan a kunna fitila a zura. In ta mutu, iskar ƙasa ba ta da kyau. Bayan fitila a zura zakara a kwando. In ya dawo yana zare ido, sai mutum ya shiga. Ban taɓa sa zakara gaban fitila ba, ban kuma taɓa yarda wani ya yi haka a gabana ba.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma ba na barin shirin kimiyya da ake yi a rediyo ya wuce ni. A nan na ji tarihin kumbon da ke kai mutane sararin samaniya, kuma abin da ya fara kama ni shi ne tsarinsu irin namu ne. Sun fara harba shi babu kowa. Sannan suka sa karnuka da birai. Sai daga baya suka sa mutum. Kumbunan farko sau ɗaya ake amfani da su: su tafi, su faɗo da laima a teku ko a jeji, shi ke nan. Daga baya aka ƙera mai fukafukai, wanda yake tashi a tsaye ya sauka kamar jirgin sama, a gyara shi a sake tura shi. Mai shirin ya ce ba tafiyar ce ta fi wuya ba, dawowar ce, domin iska tana gogar jikinsa har ya yi zafin da zai narkar da ƙarfe. Saboda haka aka lulluɓe ƙasan jikinsa da dubban ƙananan tayil masu jure wuta, kowanne da lambarsa, kuma in ya dawo sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana ya ba da labarin wanda bai dawo ba. Lokacin tashi, wani guntun soso mai tauri ya fita daga jikin tankin mai ya bugi fiffike. Masu kula da shi daga ƙasa sun gani a hoto. Amma irin wannan ya sha faruwa a tafiye-tafiyen baya, kumbon kuma yana dawowa lafiya, don haka aka ce wa na ciki ba komai. Mutum bakwai suka yi sama da mako biyu a can suna aiki, suna cin abinci, suna gaisawa da iyalansu. Da suka juyo gida wuta ta shiga ta wurin da soson ya buga, kumbon ya tarwatse.

Na kashe rediyo na ce wa ƙanena, "Waɗannan sun ga alama, suka saba da ita. A gidanmu da tuni an kore su daga bakin rijiya."

Ya ce, "To, Yaya, sai ka rubuta musu takarda. Ka sa musu hoton zakaranka."

Igiyarmu ta rama ce, mai kauri, zare uku aka tufke. Ta shiga rijiya fiye da arba'in da ƙanena a jikinta, har mutane suna cewa tana da albarka. Wata tafiya da muka yi, an sa ta a bayan mota kusa da wani tsohon batir mai yoyo. Da muka sauke na ga tabo baƙi-baƙi kamar faɗin hannu, gaba takwas daga bakin da ake ɗaurawa a ƙugu. Na murɗa wurin, na ja, ya riƙe. Na ce zan yanke shi in sake haɗawa idan mun koma gida. Ban yanke ba. Ta shiga rijiya ɗaya ta dawo. Ta shiga ta biyu ta dawo. A ta uku, da na zo wurin tabon sai na shafa shi kawai na wuce, kamar yadda ake gaida maƙwabci.

Ta huɗu ita ce ta garin Sara, a ƙasar Gwaram. Tsohuwar rijiya ce mai zurfin gaba goma sha biyu, ƙasanta dutse, da bazara ruwanta ya koma taɓo. Mai unguwa, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ba mu maza shida masu riƙe igiya. Da hantsi muka gitta gungume a baki. Fitila ta sauka ta dawo da wutarta, ko da yake ta ɗan yi ƙasa. Zakara ya sauka ya dawo.

Ƙanena ya ɗaura igiya ya ce, "Ɗan sama jannatinka ya ce lafiya lau. Ka gama karatun igiyar, ko in je in sha fura in dawo?"

Na ce, "Yi bisimilla ka shiga."

Ya shiga da fitila a hannu. Ina ƙirga gaba tana wucewa. A ta takwas tabon ya zo kan gungume, ya lanƙwasa, sai na ji wani ɗan ƙara kamar an karya tsinke. Zare ɗaya ya rabu a kan idona, na biyu ya buɗe. Wani gari mai laushi ya zauna a tafina, kamar garin tuwo. Ƙasa ta fi kusa da shi fiye da sama, don haka na bar mutanen suka ci gaba da saki. Tabon ya shige cikin duhu. Igiya ta yi sako-sako, ya taka ƙasa.

Muna da igiya ta biyu, siririya, wadda muke jawo gugan taɓo da ita. Ba za ta ɗauki mutum ba. Na ja mai unguwa gefe na nuna masa tafina. Ya dube shi ya daɗe.

Ya ce, "Ya sani?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya tura mai babur rugar wani Bafulatani abokinsa a karɓo igiyoyin ɗaure shanu. Ya ce akwai 'yar tafiya.

Na koma baki. Daga sama ba a ganin mutum, sai fitilar da ya sa a wani gurbi a bango, ƙarama kamar ƙwayar gero. Yana cika guga yana waƙa. Murya daga gaba goma sha biyu ba ta zuwa yadda ta fita. Tana zuwa a makare, da kauri, kamar ta wani dattijo da ban sani ba. Na tsaya ina karɓar guga ina zubarwa, ina sauraron ƙanena yadda ake sauraron muryar wanda ya rasu a tsohon kaset.

Magana ta zaga unguwa. Mata suka ajiye taɓarya. Maza suka fara zuwa ɗaya-ɗaya, ba mai sallama da ƙarfi, suna tsugunnawa a inuwar katanga a jere. Na san wannan zaman. A ƙofar gida ake yin sa, kafin a fito da makara.

Ƙanena ya daina waƙa. Ya ce, "Yaya, ɗazu ina jin daka. Me ya sa garin ya yi tsit?"

Na ce, "Rana ce ta yi. Cika guga."

"Ina ganin tauraro fa, daidai kan kafaɗarka."

"Babu tauraro da rana."

"Daga nan akwai. Ka gaya wa mutanenka na rediyo."

A ƙa'idarmu mai shiga ba ya daɗewa. Yana fitowa ya sha iska kafin rana ta take, domin da zafi iskar ƙasa tana nauyi. Lokacin ya yi, ya girgiza igiya sau uku, alamar a fito da shi. Na ji girgizar a hannuna, na san ta biyo ta zare ɗaya da rabi. Na ce ya ƙara guga biyu. Ya ƙara. Ya sake girgizawa. Na ce ya ƙara ɗaya. Fitilar ta koma ja. Maganarsa ta fara jan jiki, kamar mai jin barci.

Ya ce, "Yaya, kaina yana sarawa. Kai da ba ka ƙara minti a kan ƙa'ida, yau me ya faru?"

Na tuna mutanen da suka ga hoton suka ce ba komai, kuma a karon farko na san yadda bakinsu ya bushe.

Babur ya iso da igiyoyi bakwai gajeru, suna warin shanu. Na ɗaure su da kaina, ƙulli bayan ƙulli, na sa maza biyu suna ja ta kowane gefe kafin in wuce na gaba. Ban yi sauri ba, ko da yake hannuna yana so. Na zura ta.

Ya ce, "Wannan kuma ta mece ce?"

Na ce, "Ɗaura ta a ƙirjinka, ƙarƙashin hammata. Tsohuwar ta yanke a gaba ta takwas, saura kaɗan. Kada ka kwance ta, amma kada ka dogara da ita."

Na kira shi. Sai can ya ce, "Na ɗaura."

Na ƙaro mutane na raba su kashi biyu, shida a tsohuwa, takwas a ta shanu. Muka ja a hankali, ina faɗin lamba. Gaba ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu tabon ya fito cikin haske ya hau gungume. Bai yi ƙara ba. Ya buɗe kawai, mutum shida suka zauna a ƙasa. Ta shanu ta miƙe ta yi kuka, ƙulli ya ciji ƙulli, ta riƙe. Muka fito da shi, taɓo har wuya, leɓɓansa sun yi fari.

Aka ba shi ruwa. Masu zaman inuwa suka tashi suna hamdala ƙasa-ƙasa, suka watse kamar masu jin kunya. Da ya samu numfashi, sai ya rarrafa bakin rijiyar ya leƙa. Na leƙa tare da shi. Ya manta fitilar a gurbinta, tana can tana ci ita kaɗai. Muna kallo ta yi ƙasa, ta yi shuɗi, ta mutu. Bai fi a sha kofin ruwa ba tsakanin fitowarsa da mutuwarta.

Ya jawo guntun igiyar da ke ƙugunsa ya dubi bakin da ya yanke. Ya murza shi, garin ya zuba.

Ya ce, "Wannan ba na yau ba ne. Yaushe ka gan shi?"

Na ce, "Rijiya uku da suka wuce."

Ya gyaɗa kai. Ya kwance guntun daga ƙugunsa, ya naɗe shi a tsanake yadda mahaifinmu ya koya mana, ya ajiye a gabana.

Yanzu ƙanena yana noma a Unguwar Ya. Muna gaisawa, yana zuwa suna da biki, 'ya'yansa suna kwana a gidana. Bai sake shiga rijiya ba, ni kuma ban nemi wani ya shiga a hannuna ba. Kwanan baya ya zo da waya ya nuna mini sabon kumbo, gindinsa yana saukowa a tsaye cikin wuta, aka ce za a wanke shi a sake ɗora masa mutane. Muka kalla sau biyu. Guntun igiyar yana rataye a ƙusa a zaurena, daidai bayan inda ya zauna, kuma bai juya ya dube shi ba.