Kaset ɗin Baba Disko

Wai me mutumin nan yake faɗa a cikin waƙar? Shekara arba'in da 'yan kai ina jin ta a tsakar gidana, har yau ban sani ba.

Ku mutanen Gaya kun san maigidana, Baba Disko. Tun yana jan kamiyo, babbar motar kaya, ya zo da kaset ɗin waƙar Turawa daga Kwatano, ya ce kiɗan da duniya ke yayi ke nan. Duniya ta yi yayinta ta wuce, shi bai ji labari ba.

Ba ya yarda rediyo ta mai da kaset baya, wai pil, wato batir, za ta ci. Mazarina yake zurawa a ramin yana juyawa. Pil kuwa in ta mutu sai ya shanya ta a tabarma tare da shinkafata. Na ce, "Malam, gawa kake shanyawa?" Ya ce, "Suma ta yi, Ladi."

Ga tarihi a bakinsa! Wai Turawa a garin Bana suka ji mata na daka, suka sace kiɗan suka kai ƙasarsu. Na ce, "To ni da nake dakan, me aka ba ni?" Ya ce, "An ba ki ni." Kai, wannan asara!

Fassara kuwa kullum sabuwa. In mun yi faɗa, waƙar cewa take mace ta yi haƙuri. In miya ta yi gishiri, a kan gishiri take magana. Ranar auren 'yarmu ya karɓe lasifika ya sa ta, ya shiga fili da gwiwarsa mai ciwo. Maza biyu suka fitar da shi, yana ce musu, "Ba a kai wurin daɗin ba!"

Yanzu gidan shiru, kaset na cikin kwallata, ba mai kunnawa. Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe maka ƙaryar fassara, ya sa ka huta.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata safiya ina ba shi kunu na ce, "Don Allah yau dai gaya mini gaskiya, me yake cewa?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Ni ma ban taɓa ji ba, Ladi. Na dai lura in na kunna sai kin bar aikinki kin fito yi mini faɗa."