Na Ce Da Sauƙi, Ashe Saifata Ta Fashe

Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa Dubai ta sa ni girman kai, ku yi haƙuri, a kwance nake.

Wata Asabar da la'asar muna komawa unguwar Al Nahda daga aiki, wata mota ta ƙi tsayawa a danja ta daki motarmu ta gefen da nake zaune. Direban ya fito yana tangaɗi. A ƙasar nan ko ɗigon giya ba a yarda direba ya sha ba. 'Yan sanda suka sa ya hura na'urar gwajin giya, suka tafi da shi.

Masu motar asibiti suka tambayi inda ke min ciwo, na ce da sauƙi. Haka aka raine mu, namiji ba ya raki. Kuma matata ta yi haihuwar fari a Kano, tikitin zuwa suna yana hannuna, ina tsoron a kwantar da ni.

A masauki, Malam Sabo abokin zamana ya gasa min haƙarƙari da ruwan zafi, ya shafa man zafi. Ya ce tsamin jiki ne, gobe zan miƙe.

Washegari kafaɗar hagu ta ɗauki ciwo, ga jiri, ga gumi mai sanyi. Na tashi yin alwala, sai farkawa na yi a asibiti.

Hoto ya nuna saifata ta fashe, jini yana zuba a ciki tun ranar. Aka cire ta. Ƙarin jini, robar fitsari, allura safe da yamma. Inshora ta ɗauki kuɗin aikin. Ranar suna ina kwance da roba a hanci. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Da za a sallame ni likita ta ce, "Yanzu zazzaɓin cizon sauro zai iya kashe ka. Kar ka je gida da damina."

Na yarda dokar nan ta giya da tuƙi tana hana mutane da yawa. Wanda ya buge ni dai ba ta hana shi ba, sai bayan ya gama ɓarna.

Alhamdulillahi, na koma aiki. Malam Sabo, ka daina neman gafarata, kai ka kai ni asibiti. Allah ya saka wa duk wanda ya zo dubiya.

In mota ta buge ku, ku bari a duba ku ko ba jini a waje. In kun ji warin giya a jikin direba, ku sauka, ko yayanku ne.

Jiya 'yata Maryam ta fara rarrafe, a waya na gani. Har yau ban taɓa ɗaukarta ba.