Hon Biyu Daga Baya

Cikin kaka ne. Bayan sallar asuba muka fara ɗaure buhunan wake a kan babura, za mu Dawanau. Mu bakwai muke wannan tafiya shekara da shekaru. Hanyar tamu burtali ce, yashi da kwazazzabai, sai rana ta take kafin a hau kwalta.

Muna da ƙa'ida. Duk inda aka sha kwana, na gaba zai danna hon ɗaya, na bayansa ya karɓa, har ya kai ga na ƙarshe. Shi kuma sai ya danna biyu, wato mun cika. In ba a ji biyun nan ba, kowa sai ya juya. Na ƙarshenmu kullum yayana ne, Sale, don shi ne bakanike. Yakan ce ni ba a barina a baya, wai ko akuya na gani a hanya sai na tsaya mun gaisa.

Da hantsi, ba mu kai ga barin gari ba, muka ji ƙarar babura daga yamma. Ba wanda ya razana. Mun ɗauka 'yan kasuwar ƙauyen gaba ne da kan biyo mu jera tare. Wallahi har hannu na ɗaga musu. Sai na lura kowane babur mutum uku ne, kuma ba buhu ko ɗaya.

Harbin farko a bakin rijiya aka yi shi. Kaji suka watse, mata suka sa ihu.

"Ku yanke igiya!" in ji Sale. "Ku ɗebi mutane!"

Buhuna suka zube, wake ya malale a ƙasa. Na ɗora matata Hinde da yaranmu biyu. Sale ya ɗauki maƙwabcinmu Tanimu da tsohuwarsa, Inna Kande, wadda ba ta gani. Muka bi ta cikin gonakin dawa.

A busasshen rafin da ke gabas da gari yashi ya riƙe mu. Da kaya ma sai an sauka an tura, balle da mutane. Sale ya jingine nasa babur, ya dinga tura mu ɗaya bayan ɗaya. Harbi yana matsowa. Da ya fitar da ni, ya daki bayana.

"Tafi! Kar ka waiwaya!"

A kwanar farko hon ya taso daga gaba. Na karɓa, na miƙa, na kasa kunne. Can baya, cikin ƙura, na ji biyu. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi. A kwana ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Ƙaramar 'yata ta yi amai a jikina. Salansar babur ta ƙona ƙafar Hinde. Ƙaya ta yayyage mana ƙwauri. Ni dai duk ban damu ba, tunda ina jin biyun nan.

Ana kiran azahar muka hau kwalta. Muka tsaya a gindin wata bishiyar maina muna jiran na baya. Babur ɗin Sale ya ɓullo yana tangaɗi. Tanimu ne ke tuƙi. An ɗaure tsohuwar a bayansa da igiyar roba. Akwai jini a kan tanki.

Tanimu bai iya kallona ba. Ya ce a rafi aka harbi Sale a cinya. Sale da kansa ya ɗaure Inna Kande, ya tayar da babur ɗin. Ya ce masa, duk kwana ka danna biyu, in ba su ji ba juyowa za su yi, ga mata ga yara.

Ya san mu. Da juyawar za mu yi.

Sai bayan kwana biyu muka iya komawa. A gindin tsamiyar bakin rafi muka sami gawar Sale. Ya ja jiki ya kai inuwa. Sifanarsa tana cikin aljihu.

Mun ci gaba da zuwa Dawanau, don ciki ba ya jira. Yanzu ni ne a baya, ban bar wa kowa ba. Duk inda aka sha kwana, hon yakan iso kaina, in danna biyu kamar yadda aka saba. Amma mu shida ne.